Mu Kanawa da Neman Gidan Kai

A Kano, in maza suka baje tabarma a bakin layi bayan la'asar, ko da ƙwallo aka buɗe hira ko da siyasa, da wuya a tashi sallar magariba ba a taɓo fili da gida ba. Wannan ya ce an sa gidan bayan masallaci a kasuwa. Wancan ya ce a'a, magada ba su gama daidaitawa ba tukuna. Na gefe ya ce shi kuwa ya ji har an taya, wani ɗan kasuwar Kwari ne yake so ya haɗa da nasa. A cikin gida ma, wajen suna ko wunin biki, zancen ke nan: wance ta tare a Danbare, mijin wance ya kai gini linta, wance ta sayar da sarƙarta ta kama rabin fuloti a Gunduwawa. Duk wanda ya ji sai ya ce, "Allah ya sa albarka, Allah ya ba mu namu." Addu'ar nan kuwa daga zuci take fitowa, domin babu wanda bai san daɗin gidan kai ba.

Wanda ya yi zaman haya shi ya fi kowa sani. Kuɗin haya a garin nan na shekara ake biya a dunƙule, kuma kafin ka gama farfaɗowa daga na bara, na bana ya ƙwanƙwasa ƙofa, sau da yawa da ƙari a kai. Wata rana kuma mai gida ya zo da sallama da fara'a, ya ce ɗansa zai yi aure, yana neman alfarmar a ba shi wurinsa nan da wata uku. Bai yi laifi ba, kayansa ne. Amma kai ne za ka ɗora katifa da tukwane a bayan a-kori-kura, ka canza wa yara makarantar boko da islamiyya, ka rabu da maƙwabtan da kuka saba aron tabarya da tsani. Shi ya sa in an zo neman aure, cikin abin da iyayen yarinya ke fara bincikawa akwai muhalli. Shi ya sa kuma za ka ji dattijo yana cewa burinsa biyu ne a duniya: ya sauke farali, ya bar wa yara inda za su sa haƙarƙarinsu.

Sai dai mu, in ka cire manyan 'yan kasuwa da masu babban albashi, ba kasafai muke ganin gida a gine mu ƙirga kuɗi mu karɓi makulli ba. Fili muke fara kamawa. In ya samu, a kewaye shi ko da layi uku ne na bulo, don kowa ya san yana da mai shi. Daga nan sai tara kaya. Kwasar adashi ta zo, a sayi bulo a jibge. An sayar da amfanin gona a Dawanau, a sauke tifar yashi. An biya wani tsohon haƙƙi a wurin aiki, a sayi rodi. A haƙa fandisho bana, baɗi a kai taga, shekara ta sama a zuba linta, sai kuma a tsaya a ja numfashi, domin rufi shi ne babban tudu: katako da kwano da kuɗin kafinta ba sa karɓar kaɗan-kaɗan. Duk kangon da ka gani a bayan gari ciyawa ta fito a tsakiyar falonsa, kada ka ce an yi watsi da shi. Akwai wani bawan Allah a kasuwar Singa ko a Sakatariyar Audu Baƙo da yake kwana yana tashi da lissafinsa.

A farkon 2024, da buhun siminti ya haura naira 10,000, gine-gine da yawa sun tsaya cak, birkiloli da leburori suka yi ta zaman jiran aiki. Duk da haka ba mu fasa ba. Da an rufe ciki da falo, an haƙa masai, an sa ƙofar waje, sai ka ji an ce Malam ya tare. Babu filasta, babu silin, wata tagar ma da buhu aka toshe ta. Uwargida ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa, ta kunna turaren wuta, shi ke nan gida ya zama gida. Sauran aiki a yi shi ana ciki, kuɗin da za a kai wa mai haya ya koma siminti. Wannan dabara ta talakan Kano abin a jinjina mata ce. Da ita aka gina mafi yawan unguwannin da muke alfahari da su yau, ɗaki bayan ɗaki.

Baƙo yakan tambaya, me ya hana ku zuwa banki? Ai akwai Asusun Gidaje na Ƙasa tun 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, a ba shi rancen gida ta hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwan kashi 6, ya biya cikin shekaru har 30. Gaskiya ne, kuma wasu sun amfana. Amma yawancinmu ba 'yan albashi ba ne, ga kuma maganar kuɗin ruwa, wadda da an ambace ta Bakano zai ja da baya, domin ba ya son ya kwantar da iyalinsa ƙarƙashin rufin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun zo da tsarin su saya su sayar maka ka biya a hankali, amma su ma suna neman takardar gwamnati da shaidar shigar kuɗi a rubuce, abin da mai shago a Ƙofar Wambai ba lallai ya ajiye ba. Gwamnatoci sun gina rukunin gidaje, daga Kundila da Ja'oji da Danladi Nasidi zuwa Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka yi tsakanin 2011 da 2015. To amma jihar da ta haura mutum miliyan 9 tun ƙidayar 2006, gidaje nawa za a gina su ishe ta? Don haka bankinmu na yau da kullum adashi ne, da ɗan'uwa, da haƙuri.

Sai maganar ina. Ɗan Yakasai ko Mandawari ko Daneji, in son samu ne, ba zai bar cikin ganuwa ba. Can aka binne cibiyarsa, can zauren kakansa yake. Amma gidan gado ya cika, an yanka ɗaki a soro, an ɗora bene a kan turaka, babu sauran inda za a sa amarya. Dole a fita. Kowace hanya ta fita gari kuwa tana da jerin unguwannin da suka tsiro a kanta. Ta titin Gwarzo, sabon mazaunin jami'ar Bayero ya ja mutane daga Kabuga zuwa Rijiyar Zaki da Danbare da Rimin Gata. Ta titin Katsina, Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa sun miƙa har Dawanau. Ta titin Maiduguri ga Hotoro da Mariri, ta titin Haɗeja ga Yankaba da Tokarawa da Gunduwawa, ta kudu kuma Sheka da Ja'en da Zawaciki sun kusa haɗe Panshekara da gari. Ungogo da Kumbotso, da a da ake cewa za a je ƙauye, yanzu suna cikin ƙananan hukumomi 8 da ake lissafawa a matsayin birnin Kano. Dattawanmu suna nuna maka layin shaguna su ce nan gonar dawa ce, a nan suka yi kiwon awaki.

Kowane mai sayen fili a bayan gari an taɓa gaya masa kalma ɗaya: "Alhaji, nan da shekara biyu wurin nan gari ne." Sau da yawa kuma hakan ke faruwa, Kano ba ta tsayawa. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, nisa ya zama kuɗi a fili. Wanda ya sayi fili da araha a ƙarshen gari, in shagonsa yana Sabon Gari, adaidaita biyu ko uku zai hau kafin ya isa, ga na yara zuwa makaranta, ga na uwargida in za ta asibiti ko gaida iyaye. Abin da ya rage a kuɗin fili, kuɗin mota yana karɓe shi kullum da safe. Yanzu masu hankali kafin su taya sai sun zauna sun lissafa zirga-zirgar wata guda.

Babu cinikin gida a Kano sai da dillali, kuma dillalan fili mutane ne masu daɗin baki da sanin gari. Su suka san gidan da za a sayar tun kafin maƙwabta su sani, su suka san wanda bashi ya matsa da wanda zai aurar da 'ya'ya mata uku a lokaci guda. In ya ɗauke ka a babur zuwa ganin wuri, tun a hanya za ka ji cewa titi ya kusa zuwa, an kawo turakun wuta, ruwa kuwa gaba shida ake samu. Kai ka taya, mai gida ya ce albarka, dillali ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya dawo ya ja wancan, har a ji kalmar da ake jira: "Na sallama." A ba da kafin alƙalami, a sa ranar cika kuɗi, a fitar da la'ada, wadda galibi kashi 5 cikin 100 ce.

Akwai dillalai na kirki da za su ce maka, "Ranka ya daɗe, wannan ba naka ba ne, akwai magana a kansa," su haƙura da la'adar ranar don su riƙe mutuncinsu. Irin waɗannan ka riƙe su hannu biyu. Amma sana'ar ta yi yawan hannu. Gida ɗaya za ka tarar dillali biyar a jere, kowa ya ji daga wani, kowa ya ɗora nasa, har mai gidan bai san nawa ake faɗa a kan kayansa ba. Saboda haka muka koyi cewa kome daɗin bakin dillali, a zauna da mai abu ido da ido, a ji farashi daga bakinsa, kuɗi kuma ya shiga hannunsa ko asusunsa a gaban shaidu.

Yanzu ga inda hira take ɗaukar zafi a kowace majalisa: awon gwamnati ko awon igiya? Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta shata, ta fitar da tituna masu faɗi, ta ware wurin makaranta da masallaci da kasuwa, kowane fuloti da lambarsa. Yana da tsada, kuma ba ya isa. Awon igiya kuwa namu ne na gida. Mai gona ya ga gari ya iso shi, ya kira masu awo, a ja igiya a yanka: hamsin da hamsin, ashirin da biyar da hamsin, wani ma abin da ya samu. Da kuɗi kaɗan talaka ya mallaki ƙasa. Ba don awon igiya ba, da dubban magidanta a Dorayi da Kurna da Sheka har yau suna haya. Wannan alheri ne, kuma ba mai musun sa.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a nan muke cutar kanmu da hannunmu. Mai gona yana ganin duk taku ɗaya da ya bari na hanya kuɗi ne ya zubar, sai ya bar lungun da mota ɗaya ba za ta juya ba. Wanda ya saya kuma, ranar da zai haƙa fandisho sai ya ɗan turo katanga waje da taku ɗaya, ya ce ai ba kome. Na kusa da shi ya gani ya yi haka, ya ƙara da dakali. Na gaba ya haƙa sokawe a kan hanya. Kafin shekara goma, layin da aka bari don mota ya koma na babur. Ranar da mace ta tashi haihuwa da tsakar dare, sai an riƙo ta an taka da ita har bakin titi. Ranar da gobara ta tashi, motar kashe gobara tana jin ihu ba ta da hanyar shiga. Ranar da aka yi rasuwa, makara da kyar take karya kwana.

Ba a bar filin makaranta ba, sai a mayar da gidan mutum makarantar kuɗi, yara ɗari a ɗakunan da aka gina don iyali guda. Ba a bar wurin taransifoma ba, ba a bar inda za a zuba shara ba, maƙabarta kuwa sai an je unguwa ta uku. Duk waɗannan ba wanda ya hana mu su. A ranar awo ne kowa ya duba nasa fulotin, babu wanda ya duba unguwar. Mukan ce gwamnati ba ta zo ta yi mana kwalta da kwalbati ba. Haƙƙinmu ne mu nema, amma in ta zo ɗin, ina za ta bi? Sai an rushe katangar wani, kuma wannan wanin ɗayanmu ne.

Ga kuma ruwa, na sama da na ƙasa. Dattawa suna cewa gidan da za ka saya, je ka gan shi a watan Agusta. Da rani kowane fili kyakkyawa ne, a bushe, a shimfiɗe. Da damina ake sanin inda ruwan unguwa yake kwana. Kano gari ne na kududdufai, domin daga cikinsu kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina birni, su ne kuma suke shanye ruwan sama in ya sauka. Yanzu ana cike su da shara da ɓaraguzai a yanka a sayar. Ginin da aka ɗora a kan irin wannan wuri, ga danshi yana hawa bango, ga tsagewa, ruwan da aka kora daga mazauninsa kuma ya shiga ɗakunan maƙwabta. In ka je ganin gida, dubi gindin katanga ko akwai zanen da ruwa ya bari, dubi ko sabon fenti ya tsaya daidai gwiwa. Ka kuma tambayi 'yan garuwa nawa suke sayar da jarka a layin, da inda suke ɗebowa. Amsarsu za ta gaya maka ko rijiya tana ruwa a wurin, ko famfon Tamburawa da Challawa yana isowa, ko kuwa sai an haƙa burtsatse.

Sai takarda, wadda ita ce muka fi yi wa sakaci. Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙewa izinin zama ne, wanda a gidajen zama galibi na shekara 99 ne, kuma in za a sayar da wuri mai irin wannan shaida, doka ta ce sai da amincewar gwamna. Mu kuwa abin da muka saba shi ne takardar ciniki: mai sayarwa ya sa hannu, mai saye ya sa, shaidu su sa, mai unguwa ya buga hatimi. Wannan takarda tana da amfani ƙwarai, domin mai unguwa ya san gonar wa ce tun asali, ya san iyaka. Amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Wurin da aka ce yana da shaidar gwamnati, a je ma'aikatar ƙasa da hukumar bayanan filaye ta KANGIS a duba fayil, a tabbatar sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa, kuma ba a jinginar da wurin a banki ba. Kafin a fara gini a nemi izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a watan Yuni na 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ya san cewa tarihin fili yana bin sa ko bayan an ɗora bene. Filin makaranta, filin maƙabarta, gefen ganuwa, ƙarƙashin babbar wayar wuta, hanyar ruwa, kome arahar su a bar su.

Abin da yake hana mu bincike kunya ce. Mai sayarwa abokin Baba ne, tare suke sahun gaba a masallaci, yaya za a ce masa ya kawo takarda a kai wa lauya? Sai a ce ai mu 'yan'uwa ne, ba sai an rubuta ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka. Baba da abokinsa sun yarda da juna, gaskiya ne. Amma gida ya fi mai shi tsawon rai. Wata rana 'ya'yan wannan da 'ya'yan wancan ne za su tsaya gaban alƙali, ba su san amanar da ke tsakanin iyayensu ba, abin da ke rubuce kawai za a duba. Rubutun nan zumuncin yake tsarewa.

Gidan gado kuwa sai an ƙara natsuwa. Sau nawa muka ji babban wa ya sayar da gida, an biya, an yi fenti, an tare, sai ga ƙanwarsu da ke aure a Zariya ko Damagaram ta zo ta ce ita ba ta sani ba? Kuma tana da gaskiya. Matar mamaci tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, 'ya'ya mata suna da rabonsu, marayu ƙanana suna da haƙƙin da babu mai ikon sallamawa da ka. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi kason ɗan'uwansa kafin bare. Don haka mai sayen gidan gado ya nemi takardar rabon gado daga kotu, ya ga magada da idonsa, mazansu da matansu, kowa ya sa hannu. In ana gaggauta ka, ana cewa kawo kuɗi yau kafin wani ya riga ka, to nan ne wurin tsayawa.

Wani abin da muke yi da ya kamata mu gyara shi ne zuwa ganin gida ba tare da wadda za ta wuni a cikinsa ba. Maigida ya duba falo da wurin ajiye mota, ya ga ƙofa mai kyau, ya ce ya yi. Uwargida in ta shiga, cikin minti kaɗan za ta ga abin da bai gani ba. Ina za a yi shanya? Hayaƙin kicin ina zai bi? Masai yana kusa da rijiya? Benen maƙwabci yana leƙen tsakar gida? In an yi baƙi maza, ta ina mata za su wuce? In Allah ya kawo ƙarin iyali, akwai inda za a ƙara ɗaki ba tare da an toshe iska ba? Ita ce za ta sha zafin Afrilu a ɗakin da tagarsa ke kallon katanga. Kuma kada a manta, mata da yawa a garin nan su ne masu gidan. Da kuɗin adashi da saƙa da sayar da atamfa da abincin sayarwa Hajiya take kama fili, ta gina, ta zuba 'yan haya, ranar da miji ya gaza ko ya rasu gidan nan ne yake rufa wa yara asiri.

Duk wannan bincike, na ƙasa da na ruwa da na takarda, bai kai binciken maƙwabci ba. Sayen gida kamar neman aure ne: ba yarinyar kaɗai ake dubawa ba, har gidan da ta fito. Je ka yi sallar asuba a masallacin layin ka ga sahu nawa ne. Zauna wurin mai shayi ka saurara. Koma da daddare ka ga su wa ke zama a kwana, ka ji ko akwai 'yan sintiri. Tambayi yaran layi wace islamiyya suke zuwa. Bango in ya tsage a yi masa filasta, rufi in yana yoyo a canza kwano, amma maƙwabcin da zai juyo maka da kwatarsa ƙofar gida, ko ya tayar da janareto a gindin tagarka har asuba, babu birkilan da zai gyara shi.

Mu ma kuma sai mu tambayi kanmu wane irin maƙwabci muke kai wa mutane. A cikin gari, zaure a buɗe yake, baƙo ya zauna, almajiri ya fake, dattawa su yi sulhu. A sababbin unguwanni muna ɗaga katanga mu ɗora mata waya, mu sa ƙofar ƙarfe, mota ta shiga a rufe. Tsaro ya sa, ba a ƙi ba. Amma akwai layin da za a yi rasuwa gida na uku bai ji ba sai da ya ga rumfa. Abin farin ciki, kyakkyawar al'adar tarewa ba ta mutu ba. Har yanzu in sabon maƙwabci ya sauke kaya, za ka ga yara suna shigowa da kwanon tuwo da kunu daga gidajen da bai san sunan masu su ba. Shi kuma ya tara malamai a yi sauka, a raba waina da goro, ya bi gida-gida ya ce, "Ni ne na tare a nan, ga ni ga ku, Allah ya ba mu zaman lafiya." Wannan zagayen na rabin awa ya fi duk wata waya da za a ɗora a katanga tsare gida.

Unguwanni da dama sun gane haka. Suna da ƙungiyar ci gaban unguwa, ana karo-karo duk wata, a yashe kwata kafin damina, a zuba burji a layi, a gyara taransifoma, a biya 'yan sintiri. Wasu ma tun wurin yana gona masu saye suke haɗa kai su ce wa mai ƙasa, "Baba, a ƙara faɗin hanya, mu za mu biya bambancin," su kuma haɗa kuɗi su sayi fuloti biyu su ajiye don makaranta da masallaci. In ka shiga irin wannan unguwa bayan shekaru za ka gane ta: mota tana shiga, ruwa yana wucewa, kuma gidajenta sun fi na maƙwabtanta daraja a kasuwa. Ɗan takun da kowa ya bari ya dawo masa da riba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in Allah ya hore maka ka tashi kama naka, muna taya ka murna tun yanzu. Je ka da damina, je ka da uwargida, ga mai abu da idonka, ga magada, rubuta kome, kai takarda inda ake dubawa. Ranar haƙa fandisho kuma ka tsaya da kanka a kan birkila, igiya ta bi iyakarka daidai, kada ta ci hanya ko da tafin hannu. Ka fitar da kwatarka inda ba za ta cuci kowa ba, ka dasa darbejiya ɗaya a ƙofar gida. Kano ta gobe mu ne muke shata ta yau, fuloti bayan fuloti, kuma 'ya'yanmu ne za su bi layukan da muka bar musu. Allah ya ba mai nema, ya sa wa mai shi albarka, ya haɗa mu da maƙwabta nagari, mu ma ya sa mu zama nagarin.